Asibitin Unguwa Mai Iyayengiji Uku

Kwanakin baya wani maƙwabcina mai shayi ya tare ni a ƙofar masallaci bayan sallar Magariba, ya miƙo mini takarda da aka yago daga littafin rubutu, ya ce, "Malam, don Allah duba mini, ko akwai wanda za a iya ragewa a ciki." Matarsa ce ke zuwa awo a wani ƙaramin asibitin gwamnati da ba shi da nisa da mu, cikinta ya shiga wata tara, shi ne nas ta rubuto abin da zai tanada kafin ranar haihuwa. Safar hannu, auduga, sirinji, reza, sabulu, ledar shimfiɗa, ruwan Jik. Can ƙasa an ƙara da jan biro: tocila da batir.

Na ce masa babu na ragewa. Amma tocilar nan ta tsaya mini a rai, don haka kashegari na bi shi. Nas ɗin dattijuwa ce Bayarabiya, mai haƙuri, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan saboda daɗewa da mu. Na ce, "Mama, asibitin nan na wane ne?" Ta yi dariya ta ce, "Alhaji, ka tambayi babbar magana. Ginin na ƙaramar hukuma ne. Albashina ta hannun jiha yake biyowa. Firjin rigakafi daga Abuja aka kawo shi. Wanda zai biya kuɗin wuta kuwa, in ka gano shi ka zo ka gaya mini."

Wannan amsa ta fi duk muhawarar da na saurara a rediyo a kan 'yancin ƙananan hukumomi bayani. Kuma a kanta nake so mu yi magana, domin tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shekarar 2024, a majalisunmu na Sabo ana ta maganar kamar wasan ƙwallo, wannan na bayan Abuja, wancan na bayan gwamnoni, alhali babu ɗaya daga cikinsu da ya gaya mana wanda zai sayi safar hannu.

Bari mu fara da yadda aka ɗaure abin. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, ya ce daga ciki akwai sa hannu tare da gwamnatin jiha wajen samar da ayyukan lafiya da kula da su. Sa hannu kawai aka ce. Ba a fayyace ina hannun jiha ya tsaya, ina na ƙaramar hukuma ya fara ba. Sannan sashe na 162 ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa wanda kuɗin ƙananan hukumomi daga asusun tarayya zai riƙa faɗawa. Kason ƙananan hukumomi 774 shi ne kashi 20.6 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Ke nan an ba ciyaman aiki, an ba gwamna jakar kuɗin.

Tun zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, aka tsayar da cewa lafiyar matakin farko, wato awo, haihuwa, rigakafi, zazzaɓi, gudawar yara, tsaftar muhalli, ta ƙaramar hukuma ce. Tunanin mai kyau ne: hukumar da ta fi kusa da mutane ita ta san rijiyar da ta gurɓata. Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Ciyamomi suka cika sashen lafiya da 'yan uwa da 'yan siyasa, albashi ya riƙa maƙalewa, gine-gine suka zama ɗakin kwanan awaki. A 2011 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince da wani sabon tsari na tattara lafiyar matakin farko a ƙarƙashin inuwa ɗaya, kowace jiha ta kafa hukuma guda da za ta riƙe ma'aikata da tsare-tsare. Jihar Oyo ma tana da tata. To amma kuɗin da ake tafiyar da wannan inuwa, mafi yawansa daga kason ƙananan hukumomi ake zare shi tun kafin ya iso sakatariya. Shi ya sa in ka je wurin ciyaman sai ya ce maka an karɓe masa ma'aikata da kuɗi, ka nufi jiha. In ka je jiha a ce gyaran rufi da maigadi da ruwa na ƙaramar hukuma ne. In ka ɗaga murya har Abuja a ce ai mun turo.

Abin da Abuja ke turowa shi ne asusun nan na kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda aka ce a ware masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Shekara huɗu dokar na kwance kafin a sa mata kuɗi a kasafin 2018. Rabin kuɗin na inshorar marasa ƙarfi ne, kashi 45 na asibitocin unguwa ta hannun hukumar NPHCDA, ragowar na agajin gaggawa. Kyawun tsarin shi ne wani kaso yana shiga asusun asibitin kai tsaye, ba ya ratsa teburin ciyaman. Amma asibiti ɗaya aka fara ɗauka a kowace mazaɓa, kuma abin da aka fara bayarwa bai wuce naira dubu ɗari uku da 'yan kai ba a kowane wata uku. Ku lissafa da kanku man janareta na kwana casa'in. Dokar ta kuma ce jiha da ƙaramar hukuma su sa nasu kason a kai. A nan ma wani jayayyar ke tashi: wa zai fara sawa?

Haka muke har ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da gwamnoni 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta babban hukuncin: a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kantomomin riƙo da gwamnoni ke naɗawa ba su da hurumi a tsarin mulki. Na tuna daren nan a wurin masu canji, har wani ya sayi lemo ya raba. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Mu a Oyo mun ga yadda aka rushe zaɓaɓɓun ciyamomi a watan Mayun 2019, sai a 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar haramtacciya ce, lokacin wa'adinsu ya riga ya ƙare a yawon kotu. Duk wanda ya ga wannan zai so a taka wa gwamnoni birki.

Sai dai masu murna sun yi saurin raba lemo. Hukuncin ya faɗi inda kuɗi zai sauka, bai faɗi abin da za a yi da shi ba. Bai ce uffan a kan ma'aikatan lafiya da aka riga aka mayar ƙarƙashin hukumomin jiha ba. In gobe kuɗin ya faɗo asusun ciyaman cif-cif, wa zai biya Mama nas? Ciyaman zai ce ba ma'aikaciyata ba ce, ba ni na ɗauke ta ba, ba ni ke mata canjin wurin aiki ba. Jiha za ta ce kuɗin da nake biyanta da shi yana hannunka. Wannan ba hasashe ba ne na mai neman aibu. An taɓa yi da malaman firamare a farkon shekarun 1990, lokacin da aka miƙa albashinsu ga ƙananan hukumomi, suka yi watanni babu ko sisi, har sai da aka dawo da hukumar tarayya ta karɓi aikin. Shi ya sa har yau ƙungiyar malamai ba ta son a damƙa albashinta a hannun ciyaman, kuma ma'aikatan lafiya tsoronsu ɗaya ne da na malaman.

Sannan wane ne ciyaman ɗin da za a ba 'yancin? Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓensa, gwamna ne ke naɗa ta. A zaɓen Afrilun 2024 jam'iyyar gwamna ta kwashe duka kujeru 33 na Oyo, kuma haka ake yi a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce ke mulki, kada wani ya ce na ɗauki ɓangare. Mutumin da gwamna ya ɗora, ko an tura masa kuɗi kai tsaye, in aka kira shi da dare aka ce ya maido, zai maido. A Anambra ma ba a tsaya ɓoye-ɓoye ba: a watan Oktoban 2024 Gwamna Soludo ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa ƙananan hukumomi zuba wani kaso a asusun da jiha ke kula da shi. An fita ta ƙofa, an dawo ta taga.

Gwamnoni kuwa hujjarsu ita ce haɗa kuɗin wuri ɗaya shi ke sa ƙaramar hukuma mai ƙarfi ta tallafi mara ƙarfi, a biya kowa albashi rana ɗaya. Akwai gaskiya a ciki, kuma duk wanda ya ce babu bai san yawan ma'aikatan da wasu ƙananan hukumomi ke ɗauke da su ba. Amma in haka ne, a nuna mana lissafin mana. Shekara ashirin da biyar ana zuba kuɗi a asusun haɗin gwiwa, ban taɓa ganin takarda manne a bangon sakatariya ko na asibiti da ke cewa wannan watan an zare kaza don lafiya, an biya albashi kaza, an sayi magani kaza ba. Abin da aka zare daga asusun tarayya ana bugawa kowane wata, kowa na iya gani a wayarsa. Daga nan sai duhu. Wanda ya ce yana riƙe maka kuɗi don amfaninka, amma ba ya son ka ga littafin, ai ko a shagon goro ba za ka yarda da shi ba.

Ita ma Abuja ba waliyyiya ba ce a wannan magana. 'Yan uwanmu na Agege da Idi-Araba sun tuna lokacin da Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas a 2004 saboda sababbin yankunan da jihar ta ƙirƙira, kotu ta ce ba shi da iko, amma sai da 'Yar'aduwa ya hau a 2007 aka saki. Ga kuma Osun nan maƙwabciyarmu. A watan Fabrairun 2025 rikici ya ɓarke a kan wa ke da kujerar ciyaman, 'yan APC da aka zaɓa a 2022 ko 'yan PDP da jiha ta shirya wa sabon zaɓe. An rasa rayuka, ƙungiyar NULGE ta ce ma'aikata su zauna gida, sakatariyoyi suka yi watanni babu aiki, tarayya ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomi 30. Kowane ɓangare da lauyoyinsa da takardun kotunsa. A birnin tarayya kansa, inda babu gwamnan da za a ɗora wa laifi, ma'aikatan ƙananan hukumomi shida sun shiga yajin aiki a watan Maris na 2025 a kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70, makarantun firamare da asibitocin unguwa suka fi wata uku a kulle. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa cire hannun gwamna bai isa ya buɗe ƙofar asibiti ba.

Akwai ɓangaren da ba a cika ambata ba, kuma a ganina shi ya fi shafar Sabo. Sashen lafiya na ƙaramar hukuma bai tsaya a kan nas da allura ba. Akwai duba-gari, waɗanda maƙwabtanmu ke kira wole-wole. Dattawanmu suna ba da labarin yadda a da in aka ce suna zagaye, kowace mata sai ta wanke randa ta share tsakar gida, domin za a leƙa har cikin tulu a nemi tsutsar sauro. Mutane sun tsane su, amma suna aiki. Su ne ke duba rijiya da masai, su duba naman da ake gasawa, su sa a yashe kwata kafin damina, su kai rahoto in gudawa ta kama gidaje uku a layi ɗaya. Aikin nasu ba shi da gini da za a yanke kintinkiri a ɗauki hoto, don haka in kuɗi ya yi ƙaranci shi ake fara yankewa. Albashi na iya zuwa, amma kuɗin mai na babur, da sinadarin zuba wa rijiya, da kuɗin kai samfurin ruwa ɗakin gwaji, babu. Ma'aikacin da aka tura aiki babu kayan aiki kuwa, sai ya koma mai karɓar tara. Shi ya sa yau mai abinci ko mai tsire in ya hango su ba tsaftar teburinsa yake dubawa ba, aljihunsa yake shafawa. Ban ɗora laifin duka a kansu ba. Hukumar da ta mayar da sashen tsafta hanyar tara kuɗin shiga ita ta koya musu.

Ku dubi yadda muke zaune: ɗaki ɗaya mutum shida, masai ɗaya gida guda, baƙi na sauka kullum daga Kano da Sakkwato da Maraɗi. Cutar da ta ɓulla a Arewa, irin mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, kwana ɗaya ya ishe ta ta iso nan a bayan tirela. Kwalarar da ta tashi a Legas a watan Yunin 2024 kuwa awa biyu ce tsakaninta da mu. Masu hali za su ruga UCH ko asibitin kuɗi. Mai shayi da mai yankan farce da almajiri, abin da ke tsakaninsu da wannan shi ne nas mai firji mai sanyi da duba-gari mai mai a babur. Rigimar da muke kallo kamar ta manya a kan waɗannan biyun take sauka.

To mu fa? A nan zan ɓata wa wasu rai. An kafa Sabo tun 1916. Akwai gidajen da jika na huɗu ne ke cikinsu yanzu. Muna biyan tikitin kasuwa, muna biyan kuɗin shago, muna biyan na lodin mota. Amma in aka zo maganar hukuma sai mu ce ai mu baƙi ne, a bar masu gari da abinsu. Tsarin asusun nan na tarayya ya tanadi kwamitin ci gaban mazaɓa, kuma shugaban kwamitin yana cikin masu sa hannu kafin a fitar da kuɗi daga asusun asibiti. Na tambayi mutum goma a majalisarmu wa ke wakiltarmu a kwamitin, babu wanda ya taɓa jin ma akwai shi. Akwai rajistar inshora kyauta ta marasa ƙarfi, mata masu ciki da yara ƙanana, ana buƙatar lambar NIN, mu kuma muna jira sai ciwo ya kwantar da mutum a zagaya da faranti a masallaci. Da yawanmu katin zaɓenmu yana can gida Arewa, mu yi shekara talatin a nan amma ranar zaɓe mu hau mota. Kansilan da ya san ba ka da ƙuri'a a mazaɓarsa, don me zai damu da kwatarka?

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ƙarya ba ce: ko yarinyarmu ta gama kwalejin kiwon lafiya ta Eleyele, in ta nemi aikin ƙaramar hukuma za a ce ta kawo takardar shaidar 'yar asalin gari, ita kuwa kakanta a Sabo aka haife shi amma takardar ba ta samuwa cikin sauƙi. Shi ya sa matanmu ke shiga ɗakin awo su fito ba su fahimci rabin abin da aka gaya musu ba, wasu ma su daina zuwa, su koma kemis da ungozoma. Wannan magana ce da ya kamata shugabanninmu su ɗauka zuwa sakatariya duk lokacin da 'yan siyasa suka zo neman goyon baya, maimakon buhunan shinkafar azumi. Ma'aikaciyar lafiya biyu masu jin Hausa a asibitin da matanmu ke zuwa sun fi tirelar shinkafa.

Ra'ayina a kan ainihin rigimar shi ne a bi hukuncin kotu, kuɗi ya je ƙaramar hukuma, domin aƙalla ciyaman muna iya tako ƙafa mu same shi a ofis, gwamna kuwa sai a talabijin. Amma kafin kuɗin ya taɓa hannunsa, a fitar da albashin ma'aikatan lafiya da wani tsayayyen kaso na gudanar da asibitoci da aikin duba-gari, a rubuta shi a doka, ya tafi kai tsaye inda za a yi aikin, yadda aka yi da kuɗin asusun tarayya. Kuma kowane asibiti ya manna takarda a bango duk wata uku: ga abin da ya shigo, ga daga inda ya fito, ga abin da aka saya. Wani zai ce wannan ma rage 'yancin ciyaman ne. E, haka ne. Ban damu da 'yancin ciyaman ba kamar yadda na damu da firjin rigakafi, kuma ƙasar da ta yi alkawari a Abuja tun 2001 cewa za ta ba lafiya kashi 15 na kasafinta ba ta taɓa cikawa ba, ba ta da bakin da za ta ce a bar wa 'yan siyasa su yi don Allah.

Matar maƙwabcina ta sauka lafiya, namiji, da misalin ƙarfe uku na dare. An ɗauke wuta, tocilar ta yi aiki. Takardar nan ya bar mini ita, na kuma nemi lambar kansilan mazaɓarmu na tura masa hotonta tare da tambaya ɗaya: yaushe kwamitin mazaɓa zai zauna, kuma kujera nawa Sabo ke da ita a ciki? Ya karanta, alamar ta nuna shuɗi, sati biyu ke nan. Ranar Litinin zan je sakatariya da kaina, duk mai son rakiya mu haɗu a ƙofar babban masallaci ƙarfe tara.